Yadda Ake Gano Matsalar Fikof Idan Babur Ya Ƙi Tashi

Idan babur ya ƙi tashi, ga mai a tanki, an buga kik har gumi ya karyo amma shiru, abin da aka fi saurin zargi shi ne CDI. Sai a tura yaro ya sayo sabo. Bai yi ba, a sayo kwayil. Bai yi ba, a canja filogi. Kafin a kai ga mai laifin an kashe kuɗin da ya fi na gyaran nesa ba kusa ba. Sau da yawa kuwa laifin yana cikin murfin injin na hagu, wajen wani ɗan ƙaramin kwayil da bai fi kan babban yatsa girma ba, wanda makanikai ke kira fikof, wasu su ce falsa. Wani lokacin ma shi lafiyarsa lau, wayarsa ce ta ci amana.

Ga yadda yake aiki. Magineto, zagayayyen ƙarfen nan da ke juyawa tare da kiranshaf, yana da wani ɗan tudu a bayansa. Fikof yana ɗaure dab da shi amma ba sa taɓa juna. A cikinsa akwai maganaɗisu da siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe. Duk sanda tudun ya gifta ta gabansa sai ya haifar da 'yar wuta kaɗan, ta bi waya ta isa CDI. Ita ce ke shaida wa CDI cewa fistin ya kusa kaiwa sama, lokacin ƙona mai ya yi. Daga nan CDI ya sakar wa kwayil wuta, kwayil ya ɗaga ta zuwa dubban bolt, filogi ya yi tartsatsi. Fikof kamar alƙalin wasa yake: ko 'yan wasa sun cika fili, ba a take ƙwallo sai ya busa usur.

Kayan aikin ba su da yawa: sifanar filogi, sukudireba, sifana mai lamba 8 da 10, tsumma mai tsabta, da mitar awon wuta irin mai nuna lambobi. Mitar ce uwar tafiya. Wanda ba shi da ita lalube kawai yake yi a cikin duhu.

Mataki na farko: tabbatar matsalar ta wuta ce

Kwance filogi, ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina gindinsa mai zare a jikin ƙarfen injin, nesa kaɗan da ramin da ka ciro shi, don tururin fetur na fitowa ta nan. Riƙe ta wajen robar hular, kada ka riƙe ƙarfen. Murɗa makulli, wani ya buga kik. Idan rana ta yi yawa ka tura babur inuwa, domin tartsatsin ba ya ganuwa sosai a hasken tsakar rana.

Wuta shuɗiya mai ƙara tas-tas a kowane bugu tana nufin fikof yana aika saƙonsa, sai ka koma wajen kafireto da mai. Idan babu komai, gwada wani filogin da ka tabbatar yana aiki. Har yanzu shiru? Murɗe hular filogin daga wayarta, ka kusantar da bakin wayar da jikin injin, tazarar kamar milimita 5, a sake bugawa. Idan wuta ta yi tsalle, hular ce ta mutu, ka huta. Kada dai ka riƙa buga kik filogi na reto a iska bai taɓa ƙarfe ba, hakan na iya lalata kwayil ko CDI.

Mataki na biyu: kawar da ƙananan masu laifi

Duba jan maɓallin kashe injin da ke kan hannun dama, idan babur ɗin yana da shi. Yara na wasa da shi, kuma ya sha sa manya tura babur zuwa gareji a banza. Duba fiyus. Duba kan batir, ko ya yi sako-sako ko ya yi farin gari.

A nan sai ka san irin CDI ɗinka, don iri biyu ne. Akwai mai cin wuta kai tsaye daga wani kwayil da ke cikin magineto, wanda ko babu batir babur zai tashi da kik. Akwai mai dogara da batir, shi kuwa idan batir ya yi sanyi ko fiyus ya tsinke ba za ka ga tartsatsi ba ko fikof sabo ne dal. Lafiyayyen batir a hutu yana nuna kusan bolt 12.6. Idan ka ga ya faɗi ƙasa da 12, yi masa caji tukuna kafin ka zargi kowa.

A CDI irin na farkon, makulli yana kashe injin ne ta hanyar haɗa wata waya da jikin babur. A tsarin wayoyin Honda, wanda yawancin baburan China suka bi, baƙa ce mai ratsin fari. Zare ta daga soket ɗin CDI ka buga kik. Idan wuta ta dawo, gidan makulli ne ko maɓallin kashewa ya sha ruwa ko ya lalace. Ka tuna cewa muddin wayar nan tana zare, makulli ba zai kashe injin ba idan ya tashi.

Mataki na uku: awon fikof da mita

Bi wayoyin da suka fito daga murfin injin na hagu har inda suka shiga soket. A tsarin Honda wayar fikof shuɗiya ce mai ratsin rawaya, a baburan China da dama kuma shuɗiya mai ratsin fari, abokiyar tafiyarta koriya. Bajaj da TVS da Yamaha kowa da launinsa, kuma babur ɗin da ya sha hannun masu gyara ba a yarda da launin wayarsa. Idan kana shakka, bari sai ka buɗe murfin ka bi wayar da ido daga jikin fikof ɗin.

Kashe makulli, ka zare soket ɗin. Awo za ka yi ta ɓangaren da ya nufi injin. Murɗa mita zuwa wajen om, mai alamar Ω, ka tsaya a kan 2k ko 2000. Kada ka tsaya a kan 200, domin idan fikof ɗin ya haura om 200 mitar za ta nuna maka 1 ita kaɗai a gefen hagu, ka ɗauka waya ta tsinke alhali mitar ce ta gaza. Wannan kuskuren ya sa an zubar da lafiyayyun fikof masu yawa. Fara haɗa tsinkunan mitar biyu da juna ka ga ta sauko kusan sifili, sannan ka ɗora su a kan wayoyin fikof biyu.

A ƙananan babura lambar takan faɗo tsakanin om 100 da 400, gwargwadon kamfani. Littafin gyaran babur ɗinka shi ne mai yanke hukunci. Idan ba ka da shi, nemi wani babur irin naka sak wanda yake tashi, ka auna nasa ka kwatanta. A kan 2k, idan ka ga .150 to om 150 ke nan.

Abu uku za ka iya gani. Lambar ta yi daidai. Ko mita ta tsaya a kan 1 ko OL, wato wayar ta tsinke a ciki ko a hanya. Ko lambar ta yi ƙasa ƙwarai, kusa da sifili, wato naɗin ya haɗe da kansa ko wayoyin biyu sun goge sun taɓa juna.

Ko lambar ta yi kyau kada ka ɗage tsinkunan tukuna. Sa wani ya riƙe su, kai kuma ka kama wayar ka lanƙwasa ta a hankali, ɗan yatsa bayan ɗan yatsa, musamman inda ta ratsa robar da ke bakin murfin injin. A nan zafi da girgiza da baƙin mai suke cin ta, tagullar ta karye a ciki alhali rigarta lafiya lau. Idan lambar ta yi tsalle ko ta ɓace yayin da kake motsa wayar, ka kama ɓarawonka.

Sai ka ɗora tsinke ɗaya a kan wayar fikof, ɗayan a jikin injin. A fikof mai waya biyu da babu wadda aka haɗa da jikin injin, bai kamata mita ta ga hanya ba. Amma akwai mai waya ɗaya tal, wanda ƙarfen da aka ɗaure shi da shi ne wayarsa ta biyu. Shi kam tsakanin wayar da jikin injin ake auna om ɗinsa, kuma ganin lamba a nan ba laifi ba ne.

Mataki na huɗu: ka ga yana ba da wuta da idonka

Awon om yana nuna naɗin bai tsinke ba, amma bai nuna saƙo na fita ba. Mayar da mita wajen V mai alamar ~, a mafi ƙanƙantar lamba. Bar filogi a waje yana jingine da ƙarfe don injin ya juya da sauri, ɗora tsinkuna a kan wayoyin fikof, a buga kik da ƙarfi. Kada ka sa ran babbar lamba. Saƙon gajere ne ƙwarai, mitar gida takan nuna ƙasa da bolt ɗaya, wani lokaci 0.2 ko 0.3. Abin nema shi ne lambar ta motsa a kowane bugu. Idan om daidai ne amma a nan ko gezau, matsalar tana cikin murfi.

Idan kuma lambar ta motsa, mayar da soket ɗin, ka je wajen CDI ka zare nasa, ka sake awon om daga can. Lambar da ka gani a ƙasa ita ya kamata ka gani a sama. In ta bambanta, tsakanin soket biyun ne waya ta lalace, ko bakin soket ya yi kore saboda ruwan damina da na masu wankin babur. Kankare shi, ka matse bakin ƙarfen da filaya ya kama da kyau. Tun da kana wajen, idan CDI ɗinka mai cin wutar magineto ne, auna baƙar waya mai ratsin ja da jikin injin a kan V~ mai babbar lamba. Da bugun kik ya kamata ta ba da gomman bolt. Kada yatsanka ya taɓa bakinta, tana fizga.

Mataki na biyar: buɗe murfin

A wasu injina akwai baƙin mai a bayan murfin nan, don haka ka juye man ko ka kwantar da babur ta dama, ka kuma tanadi sabon gasket. Jera kusoshin yadda ka ciro su, domin ba tsawonsu ɗaya ba.

Dubi fuskar fikof. Tun da maganaɗisu ne, yana tara garin ƙarfe, har ka ga bakinsa ya yi baƙin gashi-gashi. Goge shi tas. Taɓa shi ka ji ko yana motsi, don kusoshinsa biyu kan saki. Duba ko robarsa ta tsage, ko magineto ya goge shi ya bar masa tabo mai sheƙi. Tazarar da ke tsakaninsa da tudun magineto a yawancin ƙananan injina ba ta kai milimita ɗaya ba, wajen rabin milimita ce. Idan ta yi faɗi saƙon yakan yi rauni, har babur ya ƙi tashi da kik amma ya tashi idan an tura shi da gudu. Kama magineto ɗin ma ka girgiza. Bai kamata ya yi wasa ba ko kaɗan.

Larurori biyu masu ruɗa mutum

Ta farko, babur ya tashi da safe lafiya, a yi 'yar tafiya ya mutu kamar an murɗa makulli, a bar shi ya huce ya sake tashi. Idan ka auna shi da sanyi komai daidai za ka gani. Ka tafi da mita da sifanar filogi a aljihu, da zarar ya mutu ka gwada tartsatsi ka auna om nan take, injin na da zafi. Ƙaruwar lamba kaɗan ɗabi'ar tagulla ce idan ta yi zafi. Amma idan ta ɓace gaba ɗaya sannan ta dawo bayan ya huce, naɗin ne ke buɗewa, canji kawai ya rage.

Ta biyu, wuta shuɗiya tana nan, mai yana zuwa, amma babur sai tari da harbi ta salansa, kik yana dukan ƙafa. Akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata da ke riƙe magineto a mazauninsa a kan kiranshaf. Idan ya yanke, magineto ya zame, tudun ya riƙa giftawa ba a kan lokaci ba. Fikof ba shi da laifi a nan. Ciro magineto sai da abin jansa na musamman, kada a sa masa guduma.

Idan babur ɗin mai injekta ne

Sababbin babura marasa kafireto suna da kwamfuta a madadin CDI, magineto ɗinsu kuma yakan zo da haƙora da yawa a jere. Idan na'urar da ke aikin fikof mai waya biyu ce, awon da aka bayyana a sama ya wadatar. Idan mai waya uku ce, ba a auna mata om. Ana kunna makulli ne a duba ko wutar da kwamfuta ke ba ta, bolt 5 ko 12, tana isa. Kula da fitilar injin a gaban mitar babur, yawan ƙiftawarta lamba ce da littafin kamfanin ke fassarawa. A duba kuma maɓallin da ke jikin ƙafar jingine babur ta gefe, da na'urar da ke yanke wuta idan babur ya faɗi.

Wajen saye da ɗaurawa

Tafi shago da tsohon fikof ɗin da mitarka. Kwatanta ramukan kusa da tsawon ƙafa, ka auna sabon a gaban mai shago kafin ka biya. Mai araha ƙwarai ka yi hattara da shi, kada a gudu gara a faɗa gidan zago. Idan mai waya biyu ne kada ka juya su, domin juyawar tana kawar da lokacin tartsatsi ko ta hana shi gaba ɗaya. Haɗin waya a yi shi da dalma, murɗawa da naɗe salatif ba ya jure zafin injin. Mayar da wayar ta hanyarta, ƙarƙashin ɗan ƙarfen da ke danne ta, don kada magineto ya ci ta.

CDI kuwa mitar gida ba ta iya tabbatar da lafiyarsa. Sai fikof ya ci jarrabawa, wuta tana isa, wayar kashewa ba ta taɓa jiki, kwayil ma lafiya, sannan a ɗora masa laifi. Ko a nan ɗin ma, ka ari na wani babur irin naka ka gwada kafin ka fitar da kuɗinka.