Gishirin Ƙasa da Noman Rani a Jibiya

Madatsar ruwa ta Jibiya, wadda aka gina a kan kogin Gada wajen 1990, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 142. Kogin nan shi ne ke ƙetare iyaka ya shiga ƙasar Nijar, inda ake ce da shi Gulbin Maraɗi. Duk manomin da ke ban ruwa daga gare shi, ko a wannan ƙetare ko a wancan, ya kamata ya san sha'anin gishirin ƙasa.

Ba ruwan kogi ko na rijiya da ya rasa ɗan gishiri narke a ciki, ko da harshe bai ji ba. Sa'ad da aka shayar da fage, rana ta kwashe ruwan, gishirin kuwa ba ya tashi, nan yake zama. Shekara bisa shekara sai ya taru, har a ga fari-fari bisa kunya kamar an barbaɗa kanwa.

Ga yadda yake cutar shuka. Saiwa tana jan ruwa ne domin ruwan jikinta ya fi na ƙasa kauri. In ƙasa ta yi gishiri sai jan ya gagara, shuka ta yi yaushi alhali gindinta a jiƙe yake. Manomi ya ga haka ya ƙara ruwa, in kuwa ba magudana, ƙara cutar ya yi. Sa'an nan sinadarin sodiyam ya hau cikin ganye ya ture fotash wanda shuka ke bukata, bakin ganye ya ƙone, girma ya tsaya. Albasa da karas su ne marasa jimiri. Tumatir da masara sun ɗan fi su, dawa da alkama sun fi haka, auduga da dabino kuwa sun fi duka.

A shekarun nan masana sun gwada wani magani, watau ƙwayoyin nano. Gari ne na zinki ko silikon ko wani ma'adini, mai laushi ƙwarai, har silin gashi ya fi ƙwaya ɗaya kauri sau 500 ko fiye. Saboda ƙanƙantarsu suna iya shiga ta ƙofofin ganye. An ga suna taimakon shuka ta riƙe fotash, ta kuma kare kanta daga ƙunar da gishiri ke jawowa. A Indiya har an fara sayar da takin yuriya irin na nano a 1921 da ɗari bisa, watau 2021. Amma a lura, yawancin gwajin a tukwane aka yi shi, ba a gona ba, kuma in awo ya wuce kima ƙwayoyin su kansu guba ne ga saiwa. Ba su kuwa fid da gishiri daga ƙasa ko kaɗan.

Abin da ke fid da shi ruwa ne mai wucewa. A yashe magudana, a bar ruwan damina ya wanke fage ya fita. Jigawa tana wankuwa da sauƙi, laka ce mai wuya, ita ce ke son takin gargajiya da yawa. A rufe gindin shuka da ciyawa don rage tashin ruwa. A dasa a gefen kunya, kada a bisa ƙoƙuwarta, gama can gishiri ke taruwa. Wanda ya ga farin nan a fagensa, sai ya kai ƙasar wurin malamin gona a auna kafin ya sayi iri.