Darasi: Babur Mai Silinda Ɗaya A Yashin Daura

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da dama suna shawarar haɗa kuɗi su sayi babur domin kai taki gona da kai amfani kasuwar Mai'adua ko Zango. Shawara ce mai kyau, amma mu san abin da za mu saya.

A shekarar 1975 kamfanin Honda na Japan ya fito da CG125, babur mai silinda ɗaya. Mutanensu sun lura cewa masu babur a ƙasashe masu tasowa ba su canza baƙin mai sai injin ya yi ƙara, don haka suka ƙera inji mai jure sakaci. Babura da yawa na ƙasar Sin shi suka kwaikwaya. Bajaj Boxer na Indiya ma silinda ɗaya ne, ba ya shan mai, kuma makanikin ƙauye ya san cikinsa.

Sai dai ba domin yashi aka yi su ba. Mu kuwa yashi muke bi. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, in ta kutsa ciki tana cin fistin kamar faifan kafinta. Mu duba matatar kowane mako. Sarƙa kuma a wanke ta da kananzir kafin a sa mai, gama mai a kan yashi niƙa yake yi.

Buhun taki kilo 50 ne. Biyu da mahayi sun isa. Na uku kan lanƙwasa rim.

A taronmu na gaba mu tsayar: wa zai riƙe mabuɗi, kuma daga wace asusu za a sayi baƙin mai?