Doki a Teburin Wasa: Dokoki ga Mahayi da Jagora

A wasannin labari na kan tebur, irin su Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, babu abin da ake wulaƙantawa kamar abin hawa. Ɗan wasa zai zube zinare 400 ya sayi ingarman yaƙi, ya hau shi sau ɗaya, a ɗaure shi a bakin kogo, shi ke nan ba a sake jin labarinsa. Laifin na mutum biyu ne: mahayi da jagoran wasa. Dokokin da ke ƙasa sun dogara ne da bugu na biyar na wannan wasan, na 2014. Wanda ba zai iya bin su ba, ya taka sayyada.

GA MAHAYI

1. Ka tambayi jagora tun kafin ka ƙirƙiri gwarzonka: a ina labarin zai gudana? Tun ran gini tun ran zane. Idan tafiyar duk ta cikin ramuka ce da lungunan ƙarƙashin ƙasa, doki nauyi zai zame maka. Fili yake ci mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 10. A matsatsin wuri kowace ƙafa ɗaya sai ta ci masa biyu, kuma maƙiyi ya fi samun sa'ar saransa.

2. Ka san irin hawan da kake yi. Dokin da ke ƙarƙashin linzaminka yana motsi ne a lokacin kamunka, kuma abu uku kawai zai iya yi: ya ƙara gudu, ya janye daga maƙiyi ba tare da an sare shi ba, ko ya kauce wa hari. Ba zai yi harbi ko cizo ba. In kana son ya yi faɗa, sai ka sakar masa linzami, ya yi yadda ya ga dama a nasa lokacin. Kada ka nemi biyun a haɗe.

3. Ka tuna hawa da sauka ba kyauta ba ne. Kowannensu yana cin rabin tafiyarka ta wannan kamun. Barde mai bin tafarkin Cavalier, wanda ya zo a littafin Xanathar's Guide to Everything na 2017, shi ne aka sassauta wa zuwa ƙafa 5.

4. Kada ka shiga yaƙi da dokin kilisa. Zinare 75 ne kuɗinsa, makin ransa 13 kacal. Ingarman yaƙi yana da 19. Tsafin wuta na Fireball yana cin kimanin maki 28, wanda ya kauce kuma ya sha rabi, wato 14. Ka yi lissafin da kanka: dokin kilisa ko ya kauce, yawanci gawa ne.

5. Ka kashe kuɗi a kan kariya. Sirdin yaƙi zinare 20 ne, yana ba ka damar jefa dayis biyu ka ɗauki mafi girma a gwajin zama daram a kan sirdi. Sulken doki ya ninka na mutum sau huɗu a tsada, sau biyu a nauyi. Ka saya duk da haka. In ka samu dama, ka ɗauki baiwar Mounted Combatant, wadda ke ba ka ikon karɓar saran da aka nufi dokinka da shi.

6. Kada ka ɗauki dogon mashi ka cusa kai cikin cunkoso. Yana da ƙarfi, dayis mai fuska 12 yake ci, amma idan maƙiyi ya matso cikin ƙafa 5, dayis biyu za ka jefa ka ɗauki mafi ƙanƙanta. Ranar da ka sauka ƙasa kuma, hannu biyu yake bukata, garkuwarka ta tashi aiki.

7. Kada ka raina ƙananan dabbobi. Sharaɗin hawa shi ne dabba ta yarda, jikinta ya dace da hawa, kuma ta fi mahayi girma da aƙalla mataki ɗaya. Don haka gajeren gwarzo na ƙabilar halfling zai hau ƙaton kare na zinare 25 ya bi ta ƙofar da ingarma ba zai shiga ba. Alfadarin zinare 8 kuwa ya fi doki amfani ga ayarin da kaya suka yi wa yawa.

8. Ka raɗa wa dokinka suna, ka rubuta makinsa a takarda daban, ka biya kuɗin harawa da barga ba tare da an tuna maka ba. Wanda bai ciyar da doki ba, ba shi da bakin kuka ranar da ya faɗi.

GA JAGORA

9. Ka yanke hukunci kan abubuwan da littafi ya bari a dunƙule tun kafin zaman farko, misali a wane gurbi mahayi yake zaune a kan taswira cikin gurabe huɗun da doki ya mamaye. Ka faɗa, ka rubuta, kada ka sauya a tsakiyar faɗa.

10. Ka ba mahayi filinsa. Mutum ya zuba dukiyarsa da baiwarsa a kan hawa, sai ka kulle shi a kurkuku zama bayan zama? Zalunci ne. Ka shirya faɗa a sarari, ka kawo ’yan fashi a kan hanya, ka sa a yi tsere. Gudun doki ƙafa 60 ne, ninkin na yawancin mutane. Ka bari wannan bambancin ya yi aiki.

11. Kada ka kashe doki don kawai mahayi ya fi ƙarfin dodanninka. Kada kuma ka mai da shi abin da makami ba ya taɓawa. Kura mai yunwa za ta nufi doki. Ɓarawo zai so ya kama shi da rai ya sayar. Kowane maƙiyi ya yi abin da ya dace da halinsa.

12. Kada ka manta da faɗuwa. Idan aka ture doki daga inda yake ba da sonsa ba, mahayi zai jefa dayis na zafin nama, ya nemi 10 ko fiye. In ya gaza, ƙasa zai sha.

13. Kada ka bari a yi sukuwa daga asuba har magariba. Littafi ya ba doki kimanin awa ɗaya na irin wannan gudun. Mai son ya ci nisa da sauri sai ya riƙa sauya doki duk bayan mil 8 zuwa 10.

14. Kada ka ɗauki dabba mai hankali a matsayin jaki. Dodon nan mai fuka-fuki da aman wuta ba ya bin linzami. Yana da ra'ayinsa, kai ne bakinsa, ka yi magana da yawunsa.

15. Ka bambanta dokin kasuwa da na tsafi. Barden paladin da ya kai mataki na 5 yana iya kiran abin hawansa da tsafin Find Steed, in dokin ya faɗi ya sake kiran sa cikin minti 10 na tsafi. Wanda ya sayi nasa da zinare ba shi da wannan gatan. Ka buɗe masa hanyar samun wani: kyautar sarki, ganimar yaƙi, ko bashi.

16. Kada mahayi ɗaya ya cinye lokacin tebur. Shi da dokinsa su gama kamunsu cikin lokacin da ake ba kowa. Wanda bai shirya ba, a wuce shi.

Idan waɗannan sun yi muku yawa, ku yi yarjejeniya a fili cewa doki na tafiya ne kawai, a sauka kafin faɗa. Wannan ma hanya ce mai kyau. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a karɓi zinaren ɗan wasa a hana shi sukuwa.