Mu Koyi Turanci: Kalmar EXPIRE

Kalmarmu ta wannan wata ita ce EXPIRE. Ana faɗinta "ikspaya". Ma'anarta ita ce wa'adin abu ya cika, lokacin amfani da shi ya wuce.

A ina ake ganinta?

Ana ganinta a jikin kwalin magani, da gwangwanin madara, da maganin dabbobi, da maganin feshin gona. Ba kullum ake rubuta ta duka ba. Sau da yawa haruffa uku za ka gani: EXP.

Yadda ake karantawa

Bayan EXP akwai lambobi. Ta farko wata ce, ta biyu shekara. Misali:

EXP 08/2027

Lamba 08 tana nufin wata na takwas, wato Agusta. Ke nan maganin yana da kyau har ƙarshen Agustan 2027. Daga 1 ga Satumba, kada a sha shi.

A kula! Kusa da EXP akan ga MFG ko MFD. Wannan lokacin da aka yi maganin ne. Kada a rikita su.

Me ya sa za mu damu?

Magani idan ya wuce wa'adi, ƙarfinsa yana iya raguwa. Sai a ba yaro mai zazzaɓin cizon sauro, a ɗauka ya sha magani, alhali ciwon yana nan yana cin sa. Haka manomi zai fesa wa wakensa tsohon magani, kuɗi su tafi, ƙwari su zauna.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke kula da ingancin abinci da magani a Nijeriya. Amma idonka shi ne mai gadin gidanka. Idan an kankare kwanan watan, ko an fitar da ƙwayoyin daga kwalinsu, kada ka saya, komai arha.

Mu gwada faɗi

This medicine has expired: Wa'adin wannan magani ya wuce.
When will it expire?: Yaushe wa'adinsa zai cika?

Aikin gida

1. Ɗauko magani ɗaya a gidanku, ka rubuta watan da ke bayan EXP.
2. Wane wata ne EXP 03/2028?

Wanda bai gane ba ya tambayi malaminsa. Matambayi ba ya ɓata. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.