Darasi Kan Gibin Kasafin Kuɗi: Yadda Birnin Filadelfiya Ya Sallami Malaman Makaranta a 2013

A farkon watan Yuni na shekarar 2013 hukumar makarantun gwamnati ta birnin Filadelfiya, birni mafi girma a Jihar Fensilfaniya ta ƙasar Amurka, ta aika wa ma'aikatanta 3,783 takardun sallama. Daga cikinsu akwai malaman aji 676, da jami'ai masu ba ɗalibai shawara 283, da mataimakan shugabannin makarantu 127, da sakatarori 307, da kuma masu kula da yara a lokacin cin abincin rana su 1,202. Ba a zargi kowa a cikinsu da sakaci ko rashin iya aiki ba. Dalili ɗaya aka bayar, watau gibin dala miliyan 304 a kasafin kuɗin da ya tasam ma dala biliyan 2.4. Darasinmu zai duba yadda wannan gibi ya samo asali, domin duk mai biyan albashi a ƙarshen wata zai ga wani abu da ya sani a cikinsa.

Sai mai karatu ya fara sanin inda kuɗin makarantu ke fitowa a Amurka. Gwamnatin tarayya ba ta ba da abin da ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100 a yawancin shekaru. Sauran kuwa tsakanin jiha ne da ƙaramar hukuma, wadda ta dogara ga harajin gidaje da filaye. Saboda haka gundumar da gidajenta ke da tsada takan tara kuɗi mai yawa ko da harajinta kaɗan ne, ita kuwa gundumar talakawa ko ta tsawwala haraji abin da za ta tara ba zai taka kara ya karya ba. Filadelfiya tana da wata matsala a kan wannan. Ba kamar sauran gundumomin jihar ba, hukumar makarantunta ba ta da ikon aza haraji da kanta. Sai abin da majalisar birni da majalisar jiha suka yanka mata. Daga watan Disamba na 2001 zuwa 2018 kuma jiha ce ta riƙe makarantun ta hannun wani kwamiti mai mutum biyar, gwamna ya naɗa uku, magajin gari ya naɗa biyu. Ga mai kashe kuɗi, amma ba shi ne mai nemo su ba.

Asalin gibin yana komawa ga kariyar tattalin arziki ta 2008. A 2009 gwamnatin Shugaba Barack Obama ta zartar da dokar farfaɗo da tattalin arziki, wadda ta zuba wa jihohi maƙudan kuɗi na ɗan lokaci don kada su kori ma'aikata. Fensilfaniya ta cusa wannan tallafi a cikin kason da take ba makarantu, makarantun kuma suka ɗauki ma'aikata da shi, suka rage cunkoso a azuzuwa. Da tallafin ya ƙare a 2011, sabon gwamna Tom Corbett, wanda ya yi alkawarin ba zai ƙara haraji ba, bai cike gurbin ba. Har yau ana gardama kan sunan da za a ba abin da ya faru. Gwamnan ya ce kuɗin tarayya ne suka ƙare, jiha ba ta rage nata ba. Masu sukarsa suka ce makarantun jihar sun wayi gari da ragin da ya kusa dala biliyan ɗaya, ko da wane suna aka kira shi. A wajen akanta duk ɗaya ne. An ɗora albashi, wanda ake biya kowane wata har illa masha Allahu, a kan kuɗin da aka san ranar ƙarewarsu tun ranar da aka karɓe su. A wannan shekara ta 2011 gibin makarantun Filadelfiya ya haura dala miliyan 600.

Sai maganar fansho. Kowace gundumar makarantu a jihar tana zuba wani kaso na jimlar albashin da take biya a asusun fanshon malamai. A 2001 majalisar jiha ta ƙara wa ma'aikata yawan fansho, sa'an nan aka shafe shekaru ana zuba ƙasa da abin da ya kamata. Da ranar biya ta zo, kason ya tashi daga kashi 5.64 cikin 100 a shekarar karatu ta 2010/2011 zuwa 12.36 a 2012/2013, zuwa 16.93 a 2013/2014, kuma bai tsaya ba sai da ya wuce 30 a 'yan shekarun da suka biyo baya. Watau ko da ba a ƙara wa malami ko kwabo ba, tsadar riƙe shi tana hawa kowace shekara.

Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne batun makarantun yarjejeniya. Waɗannan makarantu ne da ƙungiyoyi ko kamfanoni ke gudanarwa da kuɗin gwamnati, ɗalibi ba ya biyan komi, gunduma ce ke biyan kuɗinsa bisa lissafin kai. A lokacin da muke magana ɗalibai sama da 50,000 na birnin suna waɗannan makarantu, yayin da fiye da 130,000 suka rage a makarantun hukuma. Za a ce ai in yaro ya tafi da kuɗinsa, ya tafi da ɗawainiyarsa ma. Ba haka abin yake ba. A ɗauka aji ne mai ɗalibai 30, biyu suka koma makarantar yarjejeniya. Kuɗin mutum biyu sun fita, amma malamin ajin yana nan da cikakken albashinsa, ana ɗumama ɗakin da hunturu kamar da, mai gadi da mai shara suna nan. Mai motar haya da ya rasa fasinja biyu a tasha ya san wannan lissafi, domin man da zai ƙona zuwa inda za shi bai ragu ba. A da jiha takan mayar wa gundumomi wani ɓangare na wannan asara, sai aka soke mayarwar a kasafin 2011, Filadelfiya kaɗai ta rasa fiye da dala miliyan 100 a shekara.

Hukumar ta gwada hanyoyi biyu kafin ta kai ga sallama. A 2012 ta ciwo bashin kimanin dala miliyan 300 don gudanar da harkokin yau da kullum, wanda a ganinmu shi ne mafi munin abin da aka yi, domin bashin gina makaranta yakan bar gini, bashin biyan albashi kuwa ba ya barin komi sai kuɗin ruwa. A watan Maris na 2013 kuma kwamitin ya amince da rufe makarantu 23, amma rarar da aka yi hasashen samu ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na gibin ba.

To, me ya rage? Bashi dole a biya shi, fansho doka ce, kuɗin makarantun yarjejeniya ma doka ce. Abin da ke hannun hukuma kawai shi ne yawan ma'aikata. Nan ma akwai wani lissafi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce wanda ya zo a ƙarshe shi ake fara sallama, sabon malami kuwa shi ne mai ƙaramin albashi. Saboda haka in ana neman tsimin wani adadi, sai an sallami mutane da yawa fiye da yadda za a yi in da manyan ma'aikata aka taɓa.

Shugaban makarantun, Dokta William Hite, ya nemi dala miliyan 60 daga birni, da miliyan 120 daga jiha, da kuma rangwamen miliyan 133 daga ƙungiyoyin ƙwadago. A watan Agusta ya bayyana cewa in bai sami tabbacin dala miliyan 50 ba, ba zai buɗe makarantu ranar 9 ga Satumba ba. Magajin gari Michael Nutter ya yi alkawarin birni zai ciwo bashin wannan adadi, aka mai da wani ɓangare na waɗanda aka sallama, aka buɗe. Amma an buɗe ne da makarantu da dama ba su da jami'in ba da shawara na dindindin, ma'aikatan jinya kuma suna zagayawa tsakanin makarantu. A cikin watan na Satumba wata yarinya 'yar shekara 12 ta rasu da ciwon asma bayan ta dawo daga makarantar da babu ma'aikaciyar jinya a ranar. A watan Oktoba gwamna ya saki dala miliyan 45 da ya riƙe.

Mai karatu a Nijeriya zai lura da wani bambanci. Da farashin mai ya faɗi daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 50 a farkon 2015, jihohinmu ba su raba takardun sallama ba. Albashi suka riƙa riƙewa wata da watanni, har gwamnatin tarayya ta ba su rancen ceto a 2015. Gibin iri ɗaya ne, sai dai a can an rage mutane an biya sauran, a nan an bar kowa a bakin aiki ana bin gwamnati bashi.

Maganin da aka samo a Filadelfiya na haraji ne. An tsawaita ƙarin kashi 1 cikin 100 na harajin sayayya a birnin, wanda ke ba makarantu dala miliyan 120 a shekara, kuma a watan Satumba na 2014 aka aza dala 2 a kan kowane kwalin taba sigari. Malaman da suka tsira su ma sun biya nasu kason, domin yarjejeniyarsu ta ƙare a Agustan 2013, suka zauna ba sabuwa kuma ba ƙarin albashi har zuwa 2017. Kwamitin ya yi yunƙurin soke yarjejeniyar gaba ɗaya a Oktoban 2014, kotu ta hana shi. Wata guda bayan haka Gwamna Corbett ya faɗi zaɓe a hannun Tom Wolf, kuma batun kuɗin makarantu na cikin manyan abubuwan da aka yi yaƙin zaɓen a kansu.

A 2018 aka rushe kwamitin jiha, makarantun suka koma hannun birni. A watan Fabrairu na 2023 wata babbar kotun jihar ta yanke hukuncin cewa tsarin raba kuɗin makarantu na Fensilfaniya ya saɓa wa tsarin mulkin jihar, saboda yana tauye yaran gundumomi marasa galihu. Kafin wannan hukunci kuma gwamnatin tarayya ta sake zuba wa makarantun ƙasar tallafin annobar korona na kimanin dala biliyan 190, shi ma na ɗan lokaci, wanda wa'adin kasonsa na ƙarshe ya cika a watan Satumba na 2024.