ABINCIN YINI: DARASI DAGA MANNA A KAN GODIYA DA DOGARA GA ALLAH



Kaka ta yi, ikkilisiyoyinmu kuwa suna shirin bikin godiya kamar yadda aka saba. Za a kawo dammunan dawa da gero, da buhunan masara, da doya, da kaji, a ajiye a gaban bagade cikin waƙa da murna. Amma mun sani ba kowa ne zai shigo da fara'a ba. Akwai wanda ruwa ya ɗauke masa tun hatsi bai nuna ba, akwai wanda rashin tsaro ya hana shi zuwa gona, akwai kuma ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa tun wata bai raba ba. Irin waɗannan suna iya tambayarmu su ce: a kan me za mu yi godiya? Bai kamata a amsa musu da tsawa ba. Domin neman amsar ne za mu yi nazarin labarin manna, wanda ke cikin Littafin Fitowa, sura 16. Yana da kyau a karanta surar duka kafin a shiga darasin.

1. ABIN DA YA FARU A JEJI

Wata ɗaya bayan fitar Isra'ilawa daga Masar, a rana ta 15 ga wata na biyu, suka isa jejin Sin, tsakanin Elim da Sina'i. Guzuri ya ƙare. Mutanen da suka ga teku ta rabu a gaban idonsu suka soma yi wa Musa da Haruna gunaguni, suna tuna tukwanen naman Masar, sun manta da bulalar da ke tare da tukwanen. Yunwa takan gajarta tunanin mutum.

Allah bai hukunta su a kan wannan kuka ba, sai ya ciyar da su. Da yamma makware suka rufe zango, da safe kuma, bayan raɓa ta bushe, aka ga wani abu fari ƙanana a ƙasa, mai ɗanɗano kamar waina da zuma. Suka tambayi juna ko mene ne wannan, daga wannan tambaya kuwa a harshen Ibraniyanci sunan manna ya fito. Shi suka ci shekara 40, bai kuwa yanke ba sai da suka haye Urdun suka ci amfanin ƙasar Kan'ana, kamar yadda Littafin Joshuwa, sura 5, ya nuna.

2. KA'IDODI UKU

Kyautar ta zo da ka'idodi, a cikinsu ne kuwa koyarwar take.

Ta fari, na yini ɗaya ake ɗiba. Waɗanda suka ɓoye saura don gobe sun tarar ya yi tsutsa yana wari. Ke nan kowane dare Ba'isra'ile yakan kwanta ba shi da kome a tukunya sai alkawarin Allah. Kowace safiya kuma yakan ga alkawarin ya cika.

Ta biyu, awo ɗaya ne ga kowa: omer guda ga kowane mutum, awon da bai yi nisa da mudunmu ba. Da aka auna, mai ƙarfin da ya kwashi da yawa bai fi kowa ba, mai rauni kuma bai rasa ba.

Ta uku, a rana ta shida ana ɗibar na kwana biyu, shi kuwa ba ya lalacewa, domin a huta ran Asabar. Mutanen da suka yi bauta ba hutu a Masar, Allah yana koya musu cewa duniya ba za ta rushe ba don sun ajiye aiki na yini ɗaya sun ba shi.

Ubangijinmu Yesu ya ɗora koyarwarsa a kan wannan harsashi. A cikin addu'ar da ya koya wa almajiransa, abincin yini ya ce a roƙa, ya kuma sa roƙon a bakin jama'a, domin kada kowa ya roƙa wa cikinsa kaɗai. A Matiyu sura 6 ɗin nan ne kuma ya nuna musu tsuntsaye da furannin jeji, yana hana su damuwar da ke cinye mutum tun goben ba ta zo ba.

3. DOGARA DA AIKI

Kada wani ya fahimci wannan a karkace. Manna ba ya faɗowa cikin tukunya. Sai an tashi da sassafe an tattara, gama idan rana ta yi zafi yakan narke. Hausawa sun ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, su ne kuma suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Manzo Bulus ya tsawata wa waɗansu a Tasalonika da suka daina aiki suna ci a kan guminsu 'yan'uwa, shi kansa kuwa da sana'ar ɗinkin tanti yake ciyar da kansa.

Tanadi ma ba zunubi ba ne. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasar Masar a shekaru bakwai na ƙoshi, ya ceci jama'a da yawa a shekaru bakwai na yunwa. To, me ya bambanta shi da mai arzikin nan na Luka sura 12, wanda ya yi niyyar rushe rumbunansa ya gina manya, Allah kuwa ya kira shi wawa? Yusufu ya tara domin a buɗe wa mayunwata, wancan kuwa ya tara domin kansa, har ya ɗauka ransa yana cikin rumbun. Wannan gargaɗi ne ga kowane Kirista da ke sayen hatsi da kaka yana kullewa, yana jiran bazara ta yi tsanani, maƙwabcinsa na kwana da yunwa, don farashi ya ninka. Littafin Karin Magana, sura 11, ya nuna cewa la'anar jama'a tana kan mai yin haka. Mannan da aka ɓoye har yau yana yin tsutsa, sai dai yanzu a cikin zuciya yake yi.

4. HATSARIN ƘOSHI

A Maimaitawar Shari'a sura 8, Musa ya gargaɗi jama'a gab da shigarsu ƙasar alkawari. Abin da ya fi ji musu tsoro shi ne ranar da za su ƙoshi, su gina gidaje masu kyau, dabbobinsu su yawaita, sa'an nan su ce ƙarfin hannunsu ne ya ba su. A jeji ba wanda ya isa ya faɗi haka. A gona kuwa yana da sauƙi, domin mu muka yi sharar gona, muka yi shuka da noma. Amma wa ya sauko da ruwa? Wa ya ba mu lafiyar riƙe fartanya?

Mu tuna da kutare goma na Luka sura 17. Dukansu sun yi kuka, dukansu sun warke, ɗaya tak ya komo ya faɗi a gaban Yesu yana godiya, shi kuwa Basamariye ne. Taran sun karɓi kyauta sun wuce. Shi ya komo ya sami Mai kyautar. Da yawa daga cikinmu mun san hanyar coci a ranar ciwo, mukan ɓace ta a ranar sauƙi.

5. MANNA DA HADAYAR MAS

A Bisharar Yahaya sura 6, Yesu ya karɓi gurasar sha'ir biyar da kifi biyu daga hannun wani yaro, a gaban maza wajen dubu biyar. Mu lura da lokacin da ya yi godiya: ya yi ta ne tun abincin yana ɗan kaɗan, kafin ya yawaita har a tattara ragowar kwando 12. Kashegari a Kafarnahum mutane suka kawo masa zancen manna, sai ya bayyana musu cewa shi ne abinci na gaskiya da ya sauko daga sama.

Kalmar Helenanci da ke nufin "na yini" a addu'ar Ubangiji ba ta fito a ko'ina cikin Sabon Alkawari ba sai a wannan addu'a. Da Waliyi Jerom yake aikin fassara zuwa Latin a ƙarshen ƙarni na 4, ya ba ta ma'anar abincin kullum a Luka, a Matiyu kuwa ya ba ta ma'anar abincin da ya fi na jiki. Ikkilisiya ta riƙe duka biyun. Sunan Yukaristiya kansa daga kalmar godiya ya fito a Helenanci. Saboda haka duk wanda ya zo Mas, godiya ya zo yi, ko rumbunsa cike yake ko wofi.

KAMMALAWA

Yanzu mu koma ga tambayarmu ta farko. Ga wanda gonarsa ba ta yi ba, ba mu ce ya yi kamar ba ya jin zafi ba. Zabura cike take da kukan masu adalci. Abin da muke cewa shi ne, Allahn da ya kawo shi yau yana nan gobe. Bulus yana kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da ƙoshi da kuma yunwa. Koyo ya yi, mu ma za mu iya koya.

Amma amsar ba ta cika ba sai masu hali sun ji nasu. Sa'ad da Bulus yake tara gudunmawa domin matalautan Urushalima, labarin awon manna ya kawo wa Korantiyawa a wasiƙarsa ta biyu, sura 8, ya kuma ba su misalin ikkilisiyoyin Makidoniya, waɗanda suka bayar hannu sake cikin talaucinsu. A jeji Allah ya daidaita awo da kansa. A cikin Ikkilisiya ya bar wannan aiki a hannunmu. Sau da yawa mannan gwauruwa da maraya yana cikin rumbun ɗan'uwansu.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Waɗanne abubuwa uku ne Allah ya yi wa gidanmu bana waɗanda ba mu taɓa gode masa a kansu ba?
2. Ta yaya za mu gane tanadinmu ya zama ɓoyo?
3. Wane gida ne a ikkilisiyarmu ba shi da abin kawowa bana, me kuma za mu kai masa kafin ranar bikin?

ADDU'A

Ya Uba Mai Iko Dukka, kai da ka ciyar da jama'arka a jeji, ka ba mu abin da zai ishe mu yau, ka tsare mu daga tsoron gobe da girman kan ƙoshi. Ka buɗe bakinmu ga godiya, hannunmu kuma ga 'yan'uwanmu. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.