Kiwon Maciji A Cikin Gida: Darasi Ga Uwargida

  

Wata tana ganin kan darasin nan za ta ce, "Ni ina ruwana da kiwon maciji?" To 'yar'uwa, ki ɗan saurara. A karkararmu, tun daga Horo Birni har kasuwannin Shagari da Boɗinga, ba baƙon abu ba ne a ga gardi ɗauke da akwatin macizai yana wasa yara na binsa. Wannan gardin yana da mata da 'ya'ya, yana da maƙwabta, kuma in dare ya yi gida yake kai akwatin. Akwai kuma matasan yanzu da ke ganin Turawa a waya suna rataya mesa a wuya, su ma su fara sha'awa. Wani kunkuru yake ajewa a tsakar gida, wani damo. Duk gidan da irin wannan ya shiga, mace ce ke yini da shi, ita da ƙananan yaranta.

San abin da ke cikin akwatin

Macizan ƙasarmu ba ɗaya suke ba. Mesa ba ta da dafi, amma tana cizo, kuma babbar tana iya nannaɗe yaro ta hana shi numfashi. Kumurci da gamsheƙa su ne masu fasa kai, waɗanda gardawa suka fi so don su ke jan 'yan kallo, kuma a danginsu akwai mai feshin dafi cikin ido. Kasa ga ta da nauyin jiki, amma saranta na kumbura gaɓa har nama ya ruɓe. Sai kububuwa, 'yar ƙarama mai kalar ƙasa, wadda ta fi kowane maciji kisa a arewacin Najeriya. Dafinta na hana jini daskarewa, sai ki ga jini na fita ta dasashi ko ta tsohon rauni bayan an zaci an tsira. Ga mai juna biyu kuwa abin ya fi muni, don yana iya jawo ɓari da zubar jini.

Sau da yawa za a ce miki, "Ai an cire masa haƙora." Kada wannan ya ruɗe ki. Maciji mai dafi yana sake fiƙa duk tsawon rayuwarsa, wanda aka cire yau wani zai tsiro a gurbinsa cikin 'yan makonni. Haka nan maganar an sha magani dafi ba ya kamawa, ba hujja ba ce da za ki jingina ran ɗanki a kanta.

Ko kunkuru da damo, da ake ganin ba su da illa, suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a jiki da kashinsu, mai sa zawo da zazzaɓi. Saboda yawan yaran da ke kamuwa ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru tun 1975. Don haka kada mai rarrafe ya yi wasa inda suke yawo, kuma duk wanda ya taɓa su ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Me malamai suka ce?

Ya tabbata a hadisi cewa maciji na cikin dabbobi masu cutarwa da aka yarda a kashe. Imam Malik da Imam Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri labarin wani saurayi ango a Madina, lokacin yaƙin Khandaƙ, wanda ya dawo gida ya tarar da maciji a kan shimfiɗarsa. Ya soke shi da mashi, macijin ya sare shi, duka biyun suka mutu. A nan ne Annabi (SAW) ya yi umurnin a yi wa macijin cikin gida gargaɗi na kwana uku kafin a kashe shi. Malamai sun yi saɓani ko hukuncin na Madina ne kaɗai ko ya game ko'ina. Lura da kyau, wannan magana ce kan macijin da ya shigo da kansa, ba izinin ɗauko shi a aje ba ne.

Galibin malamai ba su yarda da saye da sayar da abin da ke cutarwa kuma ba shi da amfani ba. Inda akwai amfani bayyananne, kamar macizan da masana ke kiwo suna tatsar dafinsu don haɗa maƙari, hukuncin ya bambanta. Sannan duk wanda ya tsare dabba, ciyar da ita da shayar da ita sun hau wuyansa. Kin san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har yunwa ta kashe ta. Ke kuma kina da haƙƙi a kan maigida na mazaunin da babu cutarwa cikinsa. In kika nemi a raba ɗakinki da akwatin macizai, haƙƙinki kika nema, sai dai a yi shi cikin ladabi da zaɓen lokacin da ya dace. In abin ya gagara, a sa manya ko liman su shiga.

Ɓarawo da akwatin maciji

Za ki ce wane ɓarawo ne zai saci maciji? Akwai su. Fatar mesa da ta damo kuɗi ce wurin masu jaka da takalma, man mesa kuma masu maganin gargajiya na nemansa. Ƙaramar mesa mai dunƙulewa kamar ƙwallo ana fitar da ita da yawa daga Togo da Benin da Ghana zuwa Amurka da Turai don kiwon gida. Saboda irin wannan ciniki ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar CITES a 1973, Najeriya kuma ta kafa dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985, aka yi mata gyara a 2016. Mesa da kada na cikin waɗanda dokar ta ba kariya, don haka mai riƙe da su ba izini shi ma yana da tambayar da zai amsa.

Amma babban haɗarin satar nan ya wuce asarar dukiya. Ɓarawon da ya ɗauki akwati cikin duhu yana zaton kuɗi ne ko tufafi, da ya buɗe ya ga kumurci jefarwa zai yi ya gudu. Ina macijin zai nufa? Rumbun maƙwabta, ko ƙarƙashin tabarmar da yara ke kwana. Kin ga kwaɗon da zai hana ɓarawo shi ne dai zai kare ɗanki da ɗan maƙwabciya. In har akwai irin wannan dabba a gidanku, ga abin da za ki tsaya a kai:

1. Akwati mai ƙarfi na katako ko ƙarfe, mai ƙananan kafofin shan iska, da kwaɗo. Ƙwarya, buhu da kwando ba ma'aji ba ne.

2. A aje shi a ɗaki na daban mai ƙofa da makulli, nesa da wurin kwana da madafi, ba kuma a zaure ba inda kowa ke wucewa. A toshe ramuka da ƙasan ƙofa.

3. Makulli ya zauna hannun baligi ɗaya. Kada a rataye shi inda yaro zai kai.

4. A ƙirga su safe da yamma, domin a gane da wuri in ɗaya ya ɓace.

5. A rage talla. Kada a riƙa buɗe wa kowane baƙo, kada a ɗora bidiyo a Facebook ko TikTok yana nuna ɗaki da ƙofar gida. Ki ja kunnen yara su bar fahariya a makaranta.

6. A ɗauki hoton kowace mesa a aje, don zanen bayansu ya bambanta, zai zama shaida in an kama ɓarawo.

7. Mai unguwa da maƙwabta su san da zamansu. In an yi sata ko ɗaya ya kuɓuce, a sanar nan take. Ɓoyewa don gudun surutu cin amana ne.

In tsautsayi ya faɗa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Jinkirin kai wa asibiti na cikin manyan dalilan mutuwar. Don haka ki kwantar wa wanda aka sara hankali, ki cire masa zobe da awarwaro kafin kumburi, ki hana gaɓar motsi, a ɗauke shi kada ya taka da ƙafarsa. Kada a tsaga wurin da reza, kada a tsotse, kada a ɗaure da igiya tamau, kada a tsaya jiran baƙin dutse. In feshi ne a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan da nan. Ki yi addu'a kina tafe a hanya. Maganin dafin da aka tabbatar shi ne allurar maƙari ta asibiti. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti na musamman don saran maciji, mu kuma a nan sai a garzaya asibiti mafi kusa, in babu allurar su tura ku Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake. Tun yau ki san lambar mai mota ko mai babur da za ki kira da tsakar dare.

A ƙarshe 'yar'uwa, ko ba a kiwon komai a gidanku, ki share ciyawa, ki nisanta tulin itace da kara daga ɗaki, ki yaƙi ɓera don shi ke jawo maciji, ki sa wa yara gidan sauro, ki riƙe tocila in za ki zagaya da dare. Ki kuma karanta wa maƙwabciyarki da ba ta samu wannan mujalla ba. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu daga sharrin abin da Ya halitta, amin. Wassalamu alaikum.